Lamba Tara da Lamba Sha Huɗu

A ɗakin gilashi, bayan tashar gwaji ta Cajamarca,
na jera tukwane, dankali ɗan wata guda a kowace.
Na tsaga saiwa da wuƙa, na zuba ruwa mai gurɓi,
na kafa katako mai lamba, na wanke hannu.
Aikina ke nan ran Litinin, raba ciwo daidai wa daida.

Suna ɗaya littafi ya ba ƙwayoyin nan.
A ƙarƙashin madubi ma ba ka raba su,
'yan sanduna masu iyo, ba fuska balle a ga fushi.
Amma kama da wane ba ta wane.

Sha huɗu daga kwari ta zo,
daga gonar Don Aurelio Cusquisibán,
wanda ya shigo da kara uku cikin hularsa
ya ƙi zama, ya ƙi shan kofi.
Ran Juma'a ganyen fari ya sunkuya,
gefe guda kawai, kamar mai shanyewar ɓarin jiki.
Kafin wata Litinin tukunya goma sun kwanta,
kore shar, ƙasarsu a jiƙe,
ƙishi na kashe su a bakin ruwa.
Na yanki kara, na rataya shi a kofin gilashi,
sai ga farin zare yana sauka a hankali
kamar madarar da aka ɗiga ba a motsa ba.

Tara kuwa, sati uku ina kewaya ta.
Ta shiga jijiya, ta ci, ta hayayyafa,
ba ta kayar da ko ganye ɗaya ba.
Shukar har fure ta yi, shunayya.
Na rubuta a gefen shafi: baƙuwa mai kunya.

Dakta Nicanor ya karanta, ya cire tabarau.
Ya ce, Teófila, kai ta ɗakin zafi tukun.
Na kai.
Kwana tara, huɗu cikin goma suka faɗi.
Ba gaggawa irin ta sha huɗu,
ɗaya yau, ɗaya jibi, kamar mai biyan bashi kaɗan-kaɗan.
Ashe ba kunya ba ce. Sanyi take ji.

Na buɗe littafin karɓa in ga asalinta.
Rubutun hannuna ne.
Tudu, sama da mita dubu uku,
gonar Chuquilín.

Babana bai taɓa ganin shukarsa ta yi yaushi ba.
Duk shekara yakan zaɓi iri da hannu, ɗaya bayan ɗaya,
ya ɗaura wa alfadari buhu biyu,
ya gangara kwari inda iska ke da ɗumi.
Can ana jiransa, ana cewa irin tudu ba ya ƙarya.
Shekara nawa? Gona nawa?
Aurelio ma ya sha saye.
Na tambayi na'ura ko tara ce uwar sha huɗu,
ta ce dangi ne na nesa, iyakar abin da ta sani ke nan.
Ban san ko in gode mata ba.

Wani abin kuma: sha huɗu da na bari a faranti,
ina sauya mata abinci wata da watanni,
ta koma ƙanana, jajaye, busassu.
Na zuba wa shuka, ko gezau.
Mai kisa ta manta sana'arta a cikin daɗi,
mai shiru tana riƙe da tata a cikin sanyi.
Wace ce muguwar iri? A fom gurbi ɗaya suka bari.

Ran Asabar na hau motar da ke hawa dutse,
dankali ɗaya a jaka, rabe biyu,
da zobe ruwan ƙasa a cikin farin namansa.
Duk hanya ina gyara maganar a baki.
Na tarar da shi bakin murhu, yana tsamo dafaffe daga tukunya.
Ya hura, ya juya shi a tafi,
ya miƙo mini mafi kyau.